Yadda Baffa Ya Buɗe Mini Hanyar Yamma

Safiya, ke kika jawo wannan babi. Ranar sunan ɗanki na ji kina gaya wa ƙawayenki, da Larabcin nan naku mai gudu, wai kakanku ya tafi Makka cikin fushi ne saboda ubanku ya zaɓi wasan gashin tsuntsu, kuma wai har ya rasu bai huce ba. Na san inda kika samo labarin. Gwaggonku Asabe ce, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa riƙe ta a zuci ba. Ita ce mai ajiye masa ruwan alwala tun tana 'yar mitsitsiya, rana ɗaya aka ce mata ba zai dawo ba, dole ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi. Amma ba ta wurin ranar da muka yi magana da shi a gona. Don haka zan rubuta muku yadda abin ya kasance, kuma da Hausa zan rubuta, ku sha wahalar karantawa.

Sai na fara da alkawarin, in ba haka ba sauran ba zai shiga ba. Baffa, wato mahaifina Sambo, an taso da shi daga ƙasar Sakkwato ko famfara bai yi ba, cikin ayarin masu niyyar hajji a ƙafa. Irin tafiyar nan ce ta mutanen da: a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a tara guzuri, a ƙara gaba. Kafin su ƙetare Farin Kogi su shigo Jazira, nan ƙasar Sudan, ya riga ya yi gemu. A lokacin ana gina madatsar ruwa ta Makwar, sai kakana Malam Buba ya shiga ɗaukar dutse don guzurin da ya rage. Can zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ga abokan tafiyarsa da yawa sun gaji sun juya, abin yana yi masa ciwo ƙwarai. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne, sai ya kama hannun Baffa ya ce:

"Sambo, kada ɗan gidanga ya koma ƙetara Hwarin Kogi ya yi yamma, sai ƙahwar ɗayanmu ta tsaya Arfa."

Baffa ya ce ya ɗauka, kuma ya riƙe maganar nan yadda ta fito, bai rage ko harafi ba. Da amininsa ya yi bikin 'yarsa a Kosti, wadda ke ƙetaren kogin, Baffa ya shirya ya tafi har bakin ruwa, ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata bishiya ta wannan gefe ya zauna. A kwalekwale aka riƙa kawo masa abincin biki, angon ma sai da ya ƙetaro ya gaishe shi. Mu 'ya'yansa a haka muka tashi, a ƙauyenmu na gefen tur'a, babbar hanyar ruwan nan da ke shayar da gonakin auduga. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce haramun ne. Mun dai san ɗan gidan Sambo ba ya ƙetare Farin Kogi, kamar yadda muka san ba a shiga masallaci da takalmi. In baƙo ya tambayi Baffa ko nan ne garinsu, sai ya ce a'a, kan hanya muke, alhali ya binne ubansa a nan, ya haifi 'ya'ya a nan, har sun fara ba shi jikoki.

Ni ne auta, kuma ni kaɗai na yi boko. Da na gama sai na sami aiki a mahlaj, gidan gurzar auduga da ke kusa da Madani. Akwai wani injiniya a wurin, Ustaz Bashir, wanda ya yi karatu a Indiya ya dawo da wasan da duniya ke kira badmintan. Mu risha muke ce masa, wato gashin tsuntsu, domin abin da ake bugawa ɗan toshe ne da aka kewaye da gashin dinya. Ana ɗaura raga a tsakiya, kowa ya riƙe abin bugu mai kama da rariya, a yi ta mayar wa juna har ta faɗi a gefen wani. Wasan ba ya son iska ko kaɗan, shi ya sa rumbunan mahlaj suka dace da shi. In an gama gurzar shekara an kwashe dilolin, sai su zama fayau, ga tsawo ga rufi can sama. Na shiga don kallo, na fito da abin bugu a hannu. Ustaz ya ce wuyan hannuna na wanda ya tashi yana tsinkar auduga ne, kuma gaskiyarsa. Ya haɗa ni da Usman, wani Balaraben Madani mai dogon hannu da dogon surutu, muka riƙa buga na bibbiyu. Shi yana baya yana dukan ƙarfi, ni ina gindin raga ina sata.

Yanzu kuna ganin 'yan wasan ƙasa da riguna iri ɗaya da jakunkuna masu suna. A farkon shekarun saba'in babu wannan. 'Yan tsiraru ne a Khartoum, da wasu ma'aikatan jirgin ƙasa a Atbara, sai mu. Aka ce an gayyaci ƙasarmu wasa a Najeriya bayan Babbar Sallah, kuma iya sanina ba a taɓa fita da sunan ƙasa a wannan wasa ba kafin nan. Aka tara mu a Khartoum don zaɓe. Ni da Usman muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsaya mana. Da yamma abokai suka ce a tafi Omdurman a ci kifi don murna. Muna tafe muna shewa har bakin gada, sai ƙafata ta tsaya da kanta, domin Omdurman tana ƙetaren Farin Kogi. Na ce su je, zan jira su a nan. Usman ya san labarin gidanmu, ya riƙe ciki yana dariya.

"Ya zol, mutumina, gada ta gagare ka, kuma kai ne za ka Najeriya? Ko ta gabas za a kewaya da kai?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk murnar da nake yi tun rana ban tuna cewa Najeriya yamma take ba, yamma ma ta ainihi, can inda aka fito. Na zauna a bakin gadar nan.

Na dawo gida na faɗa musu ana cin abincin rana. Inna, mahaifiyata, ta fara guɗa, ta tsinke a tsakiya da ta ji sunan ƙasar. Asabe ta ce ai maganar ba ta ma taso ba, a bar alkawarin mamaci don gashin kaza? Baffa ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuma na ce kada kowa ya tayar da hankalinsa, na riga na fasa. Da gaske nake, ko da yake raina yana ƙuna, domin ban taɓa son wani abu a duniya kamar tafiyar nan ba. Da na gaya wa Ustaz sai ya ɗauko motarsa ya zo ƙauye da kansa. Ya durƙusa ya gaida Baffa, aka kawo shayi, ya ce ya tambayi malamai, sun ce rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai a wuce wurin, kuma shi zai ɗauki nauyin ciyarwar. Baffa ya saurare shi har ƙarshe.

"Ustaz, na gode. Da rantsuwa ta, da Allah nika yi, kuma Shi mai yahewa na. Wanga alkawali na, da mutum niy yi shi, mutumin kuwa shina ƙasa. Wa zan ciyar shi ce ya yahe?"

Ustaz ya ajiye kofin shayinsa. Har ya miƙe zai tafi, sai Baffa ya ce yana son a kai shi ya ga wasan da idonsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi da shi. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, aka mirgino masa wani dilan auduga da ya rage ya zauna a kai, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa jin kunya da tsoro a wasa kamar ranar ba, ga ni da gajeren wando a gaban ubana.  Daga baya na manta da shi, na shiga wasana. Akwai wata da Usman ya yi tsalle ya make da ƙarfinsa duka, aka mayar, na tare ta a gindin raga na ɗan shafa ta, ta hau saman ragar ta gangara. Sai na ji wata dariya daga gefe, irin wadda rabon da in ji ta tun ina yaro. Da muka tsaya ya ce a miƙo masa rishar. Ya jujjuya ta, ya ƙirga gashin da yatsa, ya hura ta.

"Abinga, in kun buge shi sai ya tashi awa Makka za shi, ya kai tsakar hanya ya tsaya ya hwaɗi. Ai ɗan gidanmu na."

Kowa ya yi dariya har Ustaz, da na fassara musu. A mota ya tambayi Usman ko a can ƙasar ma ni zai sa a gaba. Usman ya ce ai in ba ni, shi ma ba shi da amfani.

Azumi ya zo ya wuce, auduga ta fara buɗewa. Wata safiya na raka shi gonar da yake nomawa, muna duba ruwa. Ya tsaya a kan kunya ya ce in koma in gaya wa Ustaz kada ya ba kowa gurbina, domin shi zai tafi hajji bana, tare da maƙwabcinmu Malam Garba. Na ce ba zai yiwu ba. Ya haura saba'in, ƙafarsa ta hagu tana kumbura, ga tsinkar auduga ta zo, lokacin da ba manomin da ke matsawa ko nan da can. Na ce in dole ne sai wani ya je, ni in je, in bar wasan sai wata shekara. Ya ce hannunsa aka kama, ba nawa ba. Daga nan ya faɗa mini abin da ban ji ya faɗa wa kowa ba, kuma shi ne dalilin wannan babi duka.

"Auta, kana tsammani rashin guzuri yat tsai da ni? Guzuri na nan tun ba a haihe ka ba. Tsoro nika ji. Muddin ban isa ba, ni ɗan Malam Buba na, ina kan hanya. In na isa na dawo, sai a ce mani to Sambo, ina gida? Can ɗin ban tuna komi ba sai wata akuya da ƙohwar zaure. Nan kuwa ban taɓa cewa nawa na ba. Sai na zauna, na ɗaure ku da igiyar da anka ɗaure ni, ina cewa biyayya ta. Ran da nig ga kana tsalle cikin rumbun can, na san na daɗe."

Na yi kuka a gonar nan, ƙato da ni, shi kuma ya ce in share ido in buɗe wa kunyar can ruwa. Bai ce yana son wasan ba, kada in yi masa ƙarya. Har ya tafi bai gane yadda ake ƙirga ci ba. Amma babu fushi a muryarsa ko na ƙwayar zarra, kuma ni ne na ji ta.

Gida ya rikice da aka ji. Asabe ta daina yi mini magana. Inna ta shiga soya masa gari da dakan yaji, ta ɗinke masa wata 'yar jaka ta ratayawa. Muka raka su tashar jirgin ƙasa a Sannar, daga nan za su Port Sudan su hau jirgin ruwa. A kan dandamalin tashar na tuna da abin da ke damuna. Alhazai ba sa dawowa sai bayan Sallah da makonni, mu kuwa jirginmu zai tashi kwanaki kaɗan bayan Sallah. Ta yaya zan san ya isa? Ya riga ya yi tunanin wannan. Ya leƙo ta taga ya ce:

"Ran Arfa, in rana ta hwaɗi, hanyarka ta buɗe. Kada ka jira labari."

Na ce in kuma wani abu ya tsayar da shi a hanya fa? Ya ce ai ya tsaya iya tsayawa. Jirgin ya ja.

Ranar Arfa ta same ni a Khartoum, inda aka tara mu muna shiri. Ina azumi. Tun safe nake manne da rediyo ko zan ji wani abu, kamar za su kira sunansa cikin wannan taro. Da la'asar na ce wa Usman ya raka ni bakin gada. Ranar bai yi surutu ba, Allah ya saka masa. Muka tsaya muna kallon rana tana sauka ta bayan Omdurman. Ustaz ya gaya mini tana riga faɗuwa a Makka kafin nan, duk da haka na jira sai da na ji kiran salla. Na sha ruwa, na yi bismilla na taka. Tsoro ya cika ni, domin ban sani ba ko Baffa yana Arfa, ko yana kwance a Jidda, ko yana ƙarƙashin teku. Maganarsa kawai nake takawa a kai. Motoci suna wucewa, masu keke suna ƙararrawa, ba wanda ya san abin da nake yi. Da muka kai ɗaya gefen muka yi magariba a wani ƙaramin masallaci, sannan Usman ya saya mini kifin da ya daɗe yana yi mini gori a kansa.

Tafiyar kanta ba ta da dogon labari, ko da yake ita ce za ku gani in an taɓa rubuta tarihin ƙungiyar. An lallasa mu. Mun tarar da mutanen da suke wasa a ɗakuna masu daɓen katako tun muna rarrafe, mu kuwa 'yan rumbun auduga. Masu buga ɗaiɗai namu duk suka faɗi tun farko. Ni da Usman muka ci wasa guda, da ƙyar da jiɓin goshi, washegari aka yi waje da mu. Amma an ɗaga tutarmu, an kira sunan ƙasar, kuma waɗanda suka biyo bayanmu ba daga babu suka fara ba. A filin jirgi na Kano, inda muka ya da zango, na yi wa wani mai shara sannu da aiki. Ya dube ni da rigar Sudan ya ce, Malam, wannan Hausar ai ta kakata ce, ina ka samo ta? Na so in tambaye shi hanyar garin su Baffa, sai na tuna ko sunan garin ban sani ba.

Na riga alhazai dawowa. Kullum in an ce jirginsu zai iso sai mu tafi Sannar mu dawo hannu rabbana. Ranar da Malam Garba ya sauko, ya zama Alhaji, na hango jakar nan ta Inna a kafaɗarsa, shi kaɗai. Ba sai an gaya mini ba. A gida aka yi ta kuka, Asabe ta faɗi abin da ta faɗa, mutane suka ɗauka suka yaɗa. Ni kuwa ban iya tambayar abin da ke cina ba sai bayan addu'ar uku, da na sami Alhaji Garba shi kaɗai a ƙofar gidansa. Na durƙusa na ce, Baba Alhaji, don Allah ka gaya mini gaskiya ko da ba ta da daɗi, ya isa kuwa? Domin in bai isa ba, to na ƙetare kogin nan a kan alkawarin da ba a cika ba, kuma ya mutu a banza saboda ni.

Alhaji Garba ya ce tun a cikin jirgin ruwa ƙafar ta rincaɓe, suna isa Makka zazzaɓi ya hau. Ya yi ɗawafi a kafaɗun mutane. Ranar fita Arfa likita ya ce a bar shi a kwance, rana za ta kashe shi. Baffa ya ce ko a buhu ne a ɗauke shi. Sai wasu samari 'yan Damazin da suke masauki ɗaya suka ɗora shi a kan gadon igiya, suka yi ta karɓa-karɓa har can. Yini guda yana kwance a tanti idonsa a rufe, leɓensa yana motsi. Da yamma ta yi sai ya ce a sauko da ƙafafunsa su taɓa ƙasa, a riƙe shi ya tsaya. Suka riƙe shi ta hammata. Ganinsa ya riga ya tafi, sai tambaya yake yi.

"Garba, ta hwaɗi?"

"Da saura kaɗan, Malam."

Can ya sake tambaya, aka ce da saura. Samarin suka ce ya zauna ya huta, ya ƙi. Da ta ɓace Alhaji Garba ya ce masa ta faɗi. Ya ce sai ya ji nauyin Baffa duka ya sauko a hannunsa, Baffa kuwa yana murmushi.

"To, alhamdu lillahi. Yaron can ya ƙetara."

A Mina ya cika, washegarin Sallah, kuma a can aka binne shi. Safiya, abin da za ki gaya wa ɗanki ke nan.